SARBUFIS ta Indonesiya: ƙungiyar ƙwadago ce ko reshen jam'iyya?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Batun da nake so mu tattauna a wannan makon shi ne tarihin SARBUFIS, ƙungiyar ma'aikatan fim da wasan kwaikwayo ta ƙasar Indonesiya, wadda ta yi aiki daga farkon shekarun 1950 har zuwa lokacin da sojoji suka murƙushe ta bayan rikicin 1965. Ƙungiyar tana ƙarƙashin SOBSI ne, babbar tarayyar ƙwadago da aka kafa a 1946, wadda ta fi kowace tarayya yawan mambobi a ƙasar a wancan zamani, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tafiyarta ɗaya da jam'iyyar kwaminis ta PKI.

Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata a san irin kasuwar da ta tarar. Lokacin da Holan ta sakar wa Indonesiya mulki a ƙarshen 1949, manyan gidajen silima na birane suna samun mafi yawan finafinansu ne daga hannun AMPAI, ofishin da ke wakiltar manyan kamfanonin fim na Amurka a Jakarta. 'Yan ƙasa sun tashi da azama, domin Usmar Ismail ya kafa kamfanin Perfini a 1950, Djamaluddin Malik ya kafa Persari, har ta kai a 1955 an shirya finafinai 65 cikin shekara guda. Sai dai shirya fim daban, samun inda za a haska shi daban. Manyan gidaje na finafinan Amurka ne, fim ɗin gida kuwa sai dai ya gangara ƙananan gidaje, inda zai tarar finafinan Malaya da na Indiya sun riga sun tare wurin. Abin ya tsananta har a watan Maris na 1957 ƙungiyar masu kamfanonin fim, PPFI, ta sanar da rufe situdiyo-situdiyonta don nuna wa gwamnati fushinta a kan yawan shigo da finafinan waje. Masu kamfani sun fi kuka da finafinan Indiya, domin su ne ke ƙwace musu 'yan kallo kai tsaye, masu ra'ayin gurguzu kuwa suna cewa tushen cutar shi ne AMPAI, wadda ta riƙe gidajen da kuɗi ke ciki.

Ra'ayina shi ne, tarihin da aka fi yaɗawa game da wannan ƙungiya waɗanda suka yi galaba a kanta ne suka rubuta shi, sai suka taƙaita ta a abu ɗaya, wato ƙaurace wa finafinan Amurka a 1964, suka ce 'yan siyasa ne da suka zo suka lalata sana'a. Ni kuwa ina ganin tambayar da ta yi ta maimaitawa, cewa wa ke da iko da allon silima kuma nawa ke isa hannun wanda ya yi aikin, tambaya ce ta gaskiya wadda kashe masu yin ta bai amsa ta ba.

Hajiya Rakiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da kawo wannan batu, amma ba zan bi ka duka ba. Na yi shekaru ina aikin ƙungiyar malaman makaranta, kuma abin da na koya shi ne, aikin farko na ƙungiyar ƙwadago shi ne albashin mambanta da tsaron aikinsa, duk wani abu bayan wannan yake zuwa. To, mu auna SARBUFIS da wannan ma'auni. Tsakanin 1964 da 1965 yawan gidajen silima da ke aiki a Indonesiya ya ragu da kusan rabi. Su wane ne suka rasa abinci a wannan rufewar? Masu haska fim ne, da masu sayar da tikiti, da masu tsaron ƙofa da masu shara, wato ainihin mutanen da ƙungiyar ta ce don su aka kafa ta. Idan shugabanninta sun hango haka zai faru kuma suka ci gaba, sun fifita manufar jam'iyya a kan cikin mambobinsu. Idan kuwa ba su hango ba, ba su san sana'ar da suke wakilta ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙungiyar da ta jingina ƙarfinta da jam'iyya, ranar da jam'iyya ta buƙaci a yi mata aiki ba ta da bakin cewa a'a.

Zainab:
Malam Habibu, don Allah a yi mana ƙarin bayani a kan yadda ƙauracewar ta faro. Ƙungiyar ma'aikata ce kaɗai ta yanke shawarar, ko gwamnati ce ta ba da umarni? Ina tambaya ne domin amsar za ta nuna mana nauyin laifin da ya kamata a ɗora mata a kan abin da Hajiya ta faɗa.

Malam Habibu:
Tambayarki ta dace, Zainab. Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba a rana ɗaya abin ya taso ba. Tun 1963 Shugaba Sukarno ya shiga takun-saƙa da sabuwar ƙasar Maleshiya, wadda yake kallo a matsayin shirin Ingila na ci gaba da riƙe yankin, kuma dangantakarsa da Amurka ta yi tsami har a watan Maris na 1964 ya fito fili ya yi watsi da taimakonta. A watan Afrilu na wannan shekara aka yi bikin baje kolin finafinan Afirka da Asiya karo na uku a Jakarta, bayan na Tashkent a 1958 da na Alƙahira a 1960. Bikin yana ƙarewa, a watan Mayu aka kafa PAPFIAS, kwamitin da ya haɗa ƙungiyoyi da dama don ƙaurace wa finafinan Amurka. Akwai SARBUFIS a ciki, akwai LEKRA, ƙungiyar marubuta da masu fasaha da aka kafa a 1950, akwai ƙungiyoyin mata da matasa, akwai ma 'yan kishin ƙasa waɗanda ba 'yan PKI ba ne. Zuwa watan Agusta gwamnati ta dakatar da ayyukan AMPAI. Shugaban ofishin, Bill Palmer, an yi ta zarginsa da yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, har a 1965 masu zanga-zanga suka afka wa gidansa na hutu da ke yankin Puncak.

Abin da ya ba SARBUFIS muhimmanci a cikin wannan taro shi ne, sauran suna da baki da alƙalami, ita kuwa tana da mutane a cikin gidajen silimar kansu. Marubuci zai iya la'antar fim a jarida har ya gaji, amma idan mai haskawa ya ƙi ɗora faifai a kan na'ura, magana ta ƙare.

Game da rufewar gidajen silima, Hajiya ta faɗi gaskiya, domin finafinan da aka kawo daga Sin da Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai ba su cike giɓin ba, kuma kamfanonin gida ba su da ƙarfin cikewa. Amma a tuna cewa a shekarun nan hauhawar farashi ta kai ɗaruruwa bisa ɗari a shekara, kuɗin ƙasar ya zama takarda, kayan gyaran na'ura da ɗanyen faifai sun gagari kowa. Ɗora rufewar duka a kan ƙauracewa shi ne ainihin karatun da gwamnatin Suharto, janar ɗin da ya karɓe mulki daga Sukarno, ta so a yi.

Baba Majigi:
'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki, domin wannan aikin da kuke ambata shi na yi da ƙuruciyata a wani gidan silima a Kano. Mai haska fim yana ɗakin sama ne shi da na'urori biyu, zafi kamar ya dafa mutum saboda wutar sandunan gawayin da ke ba da haske, kuma dole idonka yana kansu, kana matso da su a hankali yayin da suke cinyewa, in ba haka ba allo ya dushe. Faifai ɗaya ba ya wuce minti ashirin, saboda haka kana jiran wata 'yar alama ta bayyana a kusurwar allo, da ta fito sai ka tayar da ɗaya na'urar ka kashe ɗaya, ba tare da ɗan kallo ya lura ba. Sau da yawa kwafi ɗaya ake rabawa tsakanin gidaje biyu a dare guda, yaro yana kai faifai a kan keke, in ya makara sai jama'a su cika wurin da ihu da fito, kuma kai da ke sama kai ake zagi. In faifai ya tsinke, da hannunka za ka kankare bakinsa ka liƙa.

Na kawo wannan ne don ku gane abu biyu. Na farko, Hajiya tana da gaskiya, domin daren da babu fim babu kuɗi, kuma mai gida ba ya tausayin wanda ke ɗakin sama. Da wani ya zo ya ce mini kada in ɗora fim ɗin da ya cika gida, da sai na tambaye shi wa zai ciyar da iyalina gobe. Na biyu kuwa, Malam Habibu ma yana da gaskiya, domin ko mai gidan ba shi ke zaɓar abin da za a haska ba. Daga Legas ake turo kaya, kuma in kana son babban fim sai ka haɗa da tarkacen da ba ka so. Ni ban taɓa ɗora fim ɗin Hausa a kan waccan na'ura ba, Indiya ce da Amurka da 'yan Sin masu faɗa. Saboda haka da na ji ma'aikatan wata ƙasa sun taɓa tsayawa sun ce su ma suna da ta cewa a kan abin da ke bi ta hannunsu, raina ya ba ni cewa ba mahaukata ba ne, ko da hanyar da suka bi ta cutar da su.

Ustaz Nura:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma idan aka bar shi za a ɗauka mutanen nan da Amurka kaɗai suka yi faɗa. Sun yi faɗa da 'yan uwansu 'yan ƙasa, musamman Musulmi masu sana'ar. A 1962 Djamaluddin Malik da Usmar Ismail da Asrul Sani suka kafa LESBUMI, ƙungiyar Musulmi masu fasaha, a ƙarƙashin babbar ƙungiyar Musulunci ta Nahdlatul Ulama, kuma babban dalilin kafa ta shi ne matsin da suke sha daga ɓangaren LEKRA. Fim ɗin Asrul Sani mai suna Pagar Kawat Berduri, na 1961, an yi masa ca saboda ya nuna wani jami'in Holan a matsayin mutum mai zuciya. Fim ɗin Usmar na 1962, Anak Perawan di Sarang Penyamun, an ƙaurace masa saboda marubucin littafin da aka ɗauko labarin, Sutan Takdir Alisjahbana, ba ya shiri da gwamnati. Waɗannan finafinan gida ne, ma'aikatan gida suka yi su. Ina kare haƙƙin ma'aikaci a cikin hana su kasuwa?

Haka nan a 1963 wasu marubuta suka fitar da sanarwar da ake kira Manifes Kebudayaan suna neman kada a mayar da fasaha baiwar siyasa, aka yi ta sukarsu har Sukarno ya haramta sanarwar ranar 8 ga Mayu, 1964, wasunsu suka rasa ayyukansu. Babban malami Hamka, an ci mutuncinsa a jaridun masu ra'ayin gurguzu tun 1962, daga baya gwamnati ta tsare shi a 1964. A ɓangaren wasan daɓe kuma, wasu ƙungiyoyin ludruk da ketoprak na tsibirin Jawa da ke tare da su an zarge su da shirya wasanni masu taɓa addini, a daidai lokacin da rikicin rabon gonaki ya haɗa manoman PKI da malamai masu filaye. Wanda ya yi murna da aka rufe bakin wani da hannun hukuma, ya taimaka wajen kafa al'adar da ta zo ta cinye shi.

Hajiya Rakiya:
Ustaz, duk abin da ka lissafa ya faru, kuma yana ƙarfafa maganata cewa ƙungiyar ta bar aikinta ta kama na jam'iyya. Amma jumlarka ta ƙarshe ba zan bari ta wuce haka ba, domin tana iya sa mai karatu ya ɗauka abin da ya biyo baya ramuwa ce daidai da laifi. Bayan kashe janar-janar shida a daren 30 ga Satumba zuwa safiyar 1 ga Oktoba, 1965, sojoji ƙarƙashin Suharto suka ɗora laifin a kan PKI baki ɗayanta, aka kashe mutane aƙalla dubu ɗari biyar cikin 'yan watanni, mafi yawansu manoma da leburori da malaman makaranta waɗanda ba su san komai ba game da abin da ya faru a Jakarta. Katin zama mamba a wata ƙungiyar SOBSI ya isa a ɗauke mutum da dare. Da yawan masu shiga irin waɗannan ƙungiyoyi sun shiga ne saboda ita ce ƙungiyar da ke wurin aikinsu, ita ke tsaya musu idan an riƙe musu albashi. Kuma dole mu faɗi abin da ke da nauyin faɗa, cewa matasan Ansor na Nahdlatul Ulama suna cikin waɗanda suka yi kisan a gabashin Jawa. Abdurrahman Wahid, wanda ya shugabanci Nahdlatul Ulama kafin ya zama shugaban ƙasa, da bakinsa ya nemi afuwa a kan haka a shekarar 2000.

Ustaz Nura:
Hajiya, ban ce kisan halal ne ba, kuma ba zan taɓa cewa haka ba. Ɗauke mutum a kashe shi ba tare da shari'a ba, ba tare da an tabbatar da wani laifi a kansa ba, zalunci ne ko wane ne ya aikata, kuma sunan addini ba ya wanke shi. Abin da nake tsaye a kai shi ne kada girman zaluncin da aka yi musu ya sa a goge wanda suka yi wa wasu lokacin da iska ke kaɗawa ta wajensu.

Auwalu:
Ni mai tace fim ne, saboda haka abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne aikin da ya salwanta. Bachtiar Siagian shi ne fitaccen daraktan ɓangaren LEKRA. Fim ɗinsa Turang, wanda ya ɗauka a yankin Karo da ke arewacin Sumatra a kan yaƙin neman 'yanci, an haska shi a Tashkent a 1958, kuma ya lashe kyautar fim mafi kyau a bikin ƙasa na 1960. Bayan 1965 aka kama shi, aka tsare shi shekaru da dama kamar dubban fursunonin siyasa irin su marubuci Pramoedya Ananta Toer da darakta Basuki Effendi, ba tare da an gurfanar da su gaban alƙali ba. Finafinansa kuwa kusan duka suka ɓace. Shekaru da dama Violetta na 1962 ne aka sani ya tsira a ma'adanar Sinematek da ke Jakarta, sai a 'yan shekarun nan 'yarsa ta gano kwafin Turang a ma'adanar finafinai ta Rasha, aka dawo da shi ana haskawa.

Ustaz, wannan ya shafi maganarka. An shafe shekaru ana koya wa ɗalibai cewa finafinan mutanen nan farfaganda ce zalla, alhali babu mai iya kallon su ya auna da kansa. Mu muna iya kallon na Usmar Ismail mu yaba ko mu kushe, har ranar da ya fara ɗaukar Darah dan Doa, 30 ga Maris, ita ce ranar fim ta ƙasar. Ɗaya ɓangaren kuwa sai abin da abokan gabarsu suka faɗa a kansu. Kuma kowane faifai da aka ƙone ko aka bari ya ruɓe, ba na darakta kaɗai ba ne, akwai aikin mai kyamara da mai haske da mai sauti da mai tacewa irina a ciki.

Malam Habibu:
Bari in ɗora a kan maganar Auwalu da wani abu da ke nuna yadda batun silima ya shiga cikin kisan kansa. A fim ɗin The Act of Killing na Joshua Oppenheimer, wanda ya fito a 2012, babban wanda aka bi labarinsa, Anwar Congo, ɗan daba ne a birnin Medan wanda sana'arsa ita ce saye tikitin silima ya sayar da tsada a bakin ƙofa. Shi da abokansa sun bayyana cewa hana finafinan Amurka ya rage musu samu, kuma daga baya su ne aka ɗauka aikin kashe waɗanda ake zargi da kwaminisanci. Ƙauracewar ta taɓa aljihun mutanen da ba a lissafa da su ba, sojoji kuma suka same su a shirye.

Sai mu duba abin da ya maye gurbin SARBUFIS. An haramta PKI da ƙungiyoyinta a watan Maris na 1966, tsohon shugaban SOBSI, Njono, aka yanke masa hukuncin kisa. A masana'antar fim aka bar ƙungiyoyin da gwamnati ta amince da su, irin su PARFI ta 'yan wasa da KFT ta ma'aikata, kuma shiga cikinsu ya zama sharaɗin samun aiki, wato ƙungiya ta tashi daga mai kare ma'aikaci ta koma mai tace shi. Waɗanda aka sako daga tsare a ƙarshen shekarun 1970 an buga musu alamar ET, wato tsohon fursunan siyasa, a katin shaida, aka toshe musu aikin gwamnati da koyarwa da aikin jarida, har 'ya'yansu abin ya bi. Daga 1984 kuma fim ɗin gwamnati a kan daren 30 ga Satumba ya zama abin da ake kai 'yan makaranta kallo, ana nuna shi a talabijin kowace shekara har faɗuwar Suharto a 1998.

Allon silimar kuma fa? Finafinan waje sun dawo da yawa tun ƙarshen shekarun 1960. A ƙarshen shekarun 1980 rukunin gidajen silima mai suna 21, mallakar Sudwikatmono ɗan uwan Suharto, ya fara mamaye shigo da finafinai da haska su, kuma a farkon shekarun 1990 Amurka ta yi amfani da barazana ga cinikin yadin da Indonesiya ke kai mata don a ƙara buɗe wa finafinanta ƙofa. Kafin ƙarshen wannan shekaru goma, fim ɗin gida ya kusa ƙarewa. Babu kwaminis ko ɗaya da za a ɗora wa laifin wannan karon.

Hajiya Rakiya:
Na yarda cewa hangensu a kan mamayar kasuwa ya tabbata, Malam. Amma ka lura cewa abin da ka faɗa game da KFT shi ne abin da na faɗa game da SARBUFIS, sai dai uban gidan ya canza. Ɗaya tana jin maganar jam'iyya, ɗaya tana jin maganar soja, kuma a duka biyun ba mutum irin Baba Majigi ne ke yanke shawarar ranar da za a daina aiki ba. Da mambobin gidajen silima ne aka tara aka ce su kaɗa ƙuri'a a kan ƙauracewa, aka tanadi asusun da zai riƙe waɗanda gidajensu za su rufe, da zan kira ta yajin aiki na gaskiya in kare ta da dukan ƙarfina.

Zainab:
To yanzu a Indonesiya ma'aikatan fim suna da 'yancin kafa ƙungiya irin wadda Hajiya ke nufi? Kuma an taɓa wanke sunan waɗanda aka tsare?

Malam Habibu:
Ta fuskar doka suna da shi. Bayan faɗuwar Suharto, gwamnatin Habibie ta amince da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai lamba 87, wadda ta shafi 'yancin kafa ƙungiya, a 1998, aka kuma yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a shekarar 2000, matakan da suka kawo ƙarshen tsarin tarayya ɗaya tilo da aka kafa tun 1973. Batun wanke suna ne ya tsaya a rabin hanya. Abdurrahman Wahid ya nemi a soke ƙudurin majalisa na 1966 da ya haramta kwaminisanci, aka taso masa har ya haƙura, kuma ƙudurin yana nan da ƙarfinsa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Joko Widodo ya amince a bainar jama'a cewa abin da ya faru a 1965 da 1966 yana cikin manyan take haƙƙin ɗan Adam goma sha biyu da aka yi a ƙasar, ya kuma nuna nadama, amma babu wanda aka gurfanar a kotu a kan kisan. Har bayan 1998 an sha samun lokutan da 'yan sanda ko gungun matasa suka tarwatsa taron kallon fim ko tattaunawa a kan 1965, da hujjar cewa ana neman farfaɗo da PKI.